Takardun Ganimar Teku: Sharhi a Kan Taskar Prize Papers

Daga cikin hidimomin da ake yi wa masu binciken tarihi a intanet, kaɗan ne suka tara labarin iyali da na jiragen ruwa da na kasuwanci da na kotu a wuri guda kamar yadda taskar Prize Papers ta tara, kuma dalilin haka yana cikin yadda takardun suka samo asali. Tsakanin shekarar 1652 da 1815, duk lokacin da Ingila take yaƙi da wata ƙasa, jiragen sojanta da jiragen 'yan kasuwa masu lasisin kame suna da izinin tare jirgin abokan gaba a teku su ja shi zuwa tasharsu, amma doka ba ta yarda a sayar da jirgin ko a raba kayansa ba sai kotun harkokin teku ta yanke hukuncin cewa halattacciyar ganima ce. Domin kotun ta sami abin da za ta dogara da shi, wajibi ne a kwashe kowace takarda da aka tarar a cikin jirgin a miƙa mata, tun daga takardar mallaka da jerin kaya da littafin kyaftin, har zuwa buhun wasiƙun da mutanen gari suka ba jirgin amana ya kai wa 'yan uwansu a wata ƙasa. Bayan an gama shari'a, yawancin waɗannan takardu ba su sake komawa hannun masu su ba.

Sun daɗe a jibge a Hasumiyar Landan, sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka mayar da su ofishin adana takardun gwamnati, yau kuma suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta Birtaniya da ke Kew a yammacin Landan, cikin akwatuna sama da 4,000. Ƙiyasin da masu aikin suka bayar shi ne takardun sun shafi jirage kimanin 35,000 da aka kama, kuma a cikinsu akwai wasiƙu kimanin 160,000 da ba su isa hannun waɗanda aka rubuta wa ba, a harsuna aƙalla 19. A shekarar 2018 Jami'ar Oldenburg ta Jamus da Cibiyar Nazarin Tarihi ta Jamus da ke Landan da ita ma'ajiyar ta Kew suka haɗa hannu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dagmar Freist, domin tantance takardun da ɗaukar hotonsu da sanya su a intanet. An tsara aikin zai ci shekara 20, ya kai 2037, an kuma buɗe wa jama'a kashin farko a 2022. Shiga da bincike da duba hotunan duk kyauta ne.

Ra'ayina a kan hidimar shi ne, babbar fa'idarta ba yawan takardun ba ce, a'a, shawarar da masu aikin suka yanke ce ta ƙin raba takarda da muhallinta. Da sun ga dama da sun ware wasiƙu gefe guda, takardun kaya gefe guda, hukuncin kotu gefe guda, kowanne da nasa jeri, kuma da hakan ya fi sauri. Maimakon haka sun gina tsarin a kan jirgi da kamun da aka yi masa da shari'ar da ta biyo baya, ta yadda idan mai bincike ya buɗe wasiƙa ɗaya zai iya bin sawunta ya ga jirgin da ya ɗauko ta, da tashar da ya baro, da inda ya nufa, da wanda ya kama shi, da abin da alƙali ya ce. Wannan shi ne ya bambanta taskar da shagunan asalin dangi da ke sayar wa mutum suna da kwanan wata a tsinke, ba tare da ya san daga wane kundi aka ciro su ba ko don me aka rubuta su.

Ɓangaren kotu ne ya kamata sabon mai shiga ya fara da shi, domin shi ne ƙashin bayan komai. Idan aka shigo da jirgi tashar ruwa, wakilan kotu sukan kira kyaftin da wasu daga cikin ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, su rantsar da su, su yi musu wasu tsayayyun tambayoyi da aka riga aka tsara, kowa tambayoyi iri ɗaya, da tafinta idan mutumin ba ya jin Turanci. Ana tambayarsa inda aka haife shi, da inda ya zauna a shekaru bakwai da suka wuce, da sarkin da yake ƙarƙashinsa, da ko yana da aure da inda iyalinsa suke. Daga nan a shiga batun jirgin: wace tuta ya ɗaga lokacin da aka tare shi, ko an harba bindiga, wane ne mai jirgin, tun yaushe ya san shi, wa ya yi lodin kayan, wa za a miƙa wa su, sannan a zo tambayar da ta fi kowace nauyi, wato ko an jefa wata takarda a ruwa ko an ƙona ta ko an ɓoye ta kafin a kama su. Mai neman asalin dangi zai ga amfanin wannan nan take, domin a shafi ɗaya yana iya samun shekarun matuƙi da garin haihuwarsa da mazaunin matarsa daga bakinsa, kuma a ƙarshen shafin ya ga sa hannunsa, ko kuwa alamar da ya zana idan bai iya rubutu ba. Talakan ma'aikacin jirgi na ƙarni na 18 ba ya barin irin wannan sawu a wurare da yawa.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya riƙa tuna halin da aka ba da amsoshin. Mutumin da ake tambaya kamamme ne, jirgin da yake ci da shi yana gab da salwanta, kuma ya san cewa kalma ɗaya tana iya mayar da kayan ubangidansa ganima. Yawancin shari'o'in da suka yi tsawo sun ta'allaƙa ne a kan jiragen ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, irin su Denmak da Suwidin da birnin Hambug, da Amurka a wasu lokuta, waɗanda masu kame suke zargin cewa tuta kawai suka ara, ainihin kayan na Faransawa ne ko na Sifaniyawa. A yaƙin shekaru bakwai, wanda ta gwabza da Faransa, Ingila ta kafa ƙa'idar da aka sani da ƙa'idar 1756, wadda ta ce ƙasar da ba ta cikin yaƙi ba za ta shiga cinikin da aka hana ta lokacin zaman lafiya ba don kawai yaƙi ya buɗe mata ƙofa, kamar jigilar sukari daga tsibiran da Faransa take mulka. 'Yan kasuwa kuwa suka mayar da martani da dabaru: takardun mallaka na bogi, da sayar da jirgi a baki ga wani ɗan uwa mai zama a garin da ba a yaƙi da shi, da ɗaukar takardu kashi biyu, ɗaya na nuna wa masu kame, ɗaya na gaskiya a ɓoye a cikin ganga ko ƙarƙashin katako. Saboda haka takardar da ta fi kyawun hatimi a cikin fayil tana iya zama ita ce ta ƙarya. Tsarin taskar ya taimaka ƙwarai a nan, domin yana ajiye takardar jirgi kusa da shaidar ma'aikata da hujjar lauyoyi, mai bincike ya gwama su da kansa.

Abin da aka fara sakewa a 2022 shi ne kundayen ɗaukaka ƙara na tsakanin 1793 da 1815, waɗanda ma'ajiyar take kira HCA 45 (HCA gajeren sunan kotun harkokin tekun ne da Turanci). Na ga hikimar farawa da su, domin bugaggu ne ba rubutun hannu ba, kuma a cikinsu an fassara takardun jirgi da dama zuwa Turanci don alƙalai su karanta. Wanda bai saba da tsohon rubutu ba zai iya koyon yadda shari'ar ganima take tafiya daga waɗannan kundaye kafin ya tunkari ɗanyun takardu. Amma zaɓin lauyoyi ne, kowane ɓangare ya tsamo abin da zai ƙarfafa hujjarsa, kuma jiragen da suka kai matakin ɗaukaka ƙara su ne waɗanda masu su suke da ƙarfin biyan lauya. Ƙaramin jirgin kamun kifi da aka kama aka sayar cikin 'yan makonni ba ya zuwa nan. Bayan waɗannan kundaye an ci gaba da sako takardun jiragen Faransa da na Sifaniya da aka kama a yaƙin 1740 zuwa 1748, kuma a nan ne ainihin ɗanɗanon taskar ya fara bayyana.

Ɓangaren kasuwanci ne ya fi ba ni mamaki, domin a ƙa'ida littattafan ɗan kasuwa sukan lalace tare da kasuwancinsa, ko magada su zubar da abin da ba su ga amfaninsa ba, su bar abin da zai kare sunan gida. Kame a teku ba ya ba kowa damar tacewa. A 1745 an kama wani jirgi mai suna Hoffnung a hanyarsa daga Brest zuwa Hambug, aka tarar da akwatin wani matashin ɗan kasuwa Bajamushe, Nicolaus Gottlieb Luetkens, cike da duk takardun da ya tara a shekaru biyu da ya yi yana zagaya tasoshin Faransa: wasiƙun da aka aiko masa, da littafin da yake kwafe nasa wasiƙun, da takardun bashi da na lissafi, har da wasiƙun neman aurensa. Masanin tarihi Lucas Haasis ya yi shekaru yana nazarin wannan akwati, ya nuna yadda saurayi yake gina suna da jari ta hanyar alƙalami kawai, yadda yake lallashin abokan hulɗa, da yadda yake amfani da matsayin garinsu na ɗan ba-ruwanmu ya ci riba a tsakiyar yaƙi. Mutumin daga baya ya zama ɗan majalisar birnin Hambug, kuma babu shakka ba haka zai so a ga cikinsa ba. Haka nan jirgin Santa Catharina da aka kama a tekun Indiya a 1748 ya zo da tarin takardun fataken Armeniyawa na Sabuwar Julfa, unguwarsu da ke Isfahan ta ƙasar Iran, waɗanda Sebouh Aslanian ya yi amfani da su wajen bayyana yadda wannan al'umma take tafiyar da kasuwanci daga Indiya har Bahar Rum bisa amana da zumunci da wasiƙa. Akwai kuma wasiƙun 'yan kasuwa da Larabci da aka ƙwace a 1759 daga wani jirgi mai nufin Iskandariyya, waɗanda masana harshe suke daraja su saboda Larabcin yau da kullum ne na masu ciniki, ba na malamai ba.

Ga wanda jiragen kansu ne suka dame shi, akwai takardun mallaka da na izinin fita, da jerin sunayen ma'aikata da albashinsu, da littattafan da ake rubuta tafiyar kowace rana da iska da zurfin ruwa, da takardun lafiya da ke shaida cewa babu annoba a tashar da aka baro. Rajistar Lloyd's, wadda aka fara bugawa a 1764, tana ba da sunan jirgi da girmansa da ingancinsa a layi ɗaya, wannan taskar kuwa tana ba da abin da yake cikin aljihun kyaftin a ranar da aka kama shi. Su biyun suna cike giɓin juna.

Wasiƙun iyali su ne suka ja hankalin duniya zuwa ga wannan tari, kuma sun cancanci hakan. A wancan zamani babu gidan waya mai ƙetare teku a kai a kai ga talaka, sai dai mutum ya ji labarin jirgi zai tashi ya kai wa kyaftin ko wani matuƙi wasiƙarsa, sau da yawa ma ya rubuta kwafi biyu ko uku ya raba wa jirage daban daban saboda ya san ɗaya tana iya ɓata. Daga cikin abin da ke Kew akwai wasiƙu kimanin 40,000 da harshen Holan, kuma masana harshe na Jami'ar Leiden, ƙarƙashin Marijke van der Wal, sun yi amfani da su wajen gano yadda matan matuƙa da 'yan ƙwadago suke rubutu a ƙarni na 17 da na 18, alhali kafin nan tarihin harshen ya dogara ne kusan kacokan a kan rubutun masu ilimi da masu hali. Sun kuma nuna wani abin da duk mai amfani da taskar ya kamata ya riƙe: ba kowace wasiƙa ce hannun mai ita ya rubuta ba. Mace tana iya zuwa wurin maƙwabci ko marubucin haya ta faɗa ya rubuta, don haka sai ka ga wasiƙu daga mutane daban daban da rubutu iri ɗaya da buɗewa iri ɗaya, ta sanar da lafiya da fatan an same ka lafiya. Sai an wuce wannan gaisuwa ake jin muryar mai saƙon, inda take cewa kuɗin da ya bari ya ƙare, ko an haifi yaro, ko wane ya rasu, ko tana jin an ce ya yi wata mata a can.

Irin wannan ne aka samu a buhun jirgin Two Sisters da aka kama a 1757 yana dawowa daga Bordeaux zuwa Dublin, wanda wasiƙunsa 125 suka nuna rayuwar 'yan Ailan mazauna Faransa, daga manyan dillalan giya har zuwa 'yan aikin gida. A cikin takardun hukumar sojan ruwa da ke wannan ma'ajiya ta Kew kuma, Farfesa Renaud Morieux na Jami'ar Kambirij ya buɗe wasiƙu sama da 100 da aka aika wa ma'aikatan jirgin yaƙin Faransa mai suna Galatée, wanda aka kama a 1758 a hanyarsa daga Bordeaux zuwa Kebek. Fiye da rabinsu mata ne suka sa musu hannu. A ciki akwai wata uwa da take ƙorafin cewa ɗanta yana rubuta wa budurwarsa amma ita ya manta da ita, akwai kuma matar wani hafsa da ta rubuta wa mijinta kalaman ƙauna, ta rasu kafin a sake shi daga hannun Ingilishi, shi kuma bai taɓa ganin wasiƙar ba. Duk wanda ya karanta irin waɗannan ya ce bai ji komai a ransa ba, to bai karanta da kyau ba.

Wani abin yabo shi ne yadda masu ɗaukar hoton suka ɗauki takarda a matsayin abu mai jiki, ba rubutu kawai ba. A lokacin ba a cika amfani da ambulan ba, wasiƙar kanta ake ninkewa ta zama ambulan ɗin kanta, a cusa gefe ɗaya cikin ɗaya, a ɗiga jan danko a danna zobe ko tambari a kai, a rubuta adireshi a baya, wani lokaci da sunan jirgin da na kyaftin da addu'ar Allah ya kai shi lafiya. A hoton ana ganin sawun ninkin, da inda dankon ya yage takarda, da baƙin ƙurar da ta kwanta a gefen da ya kalli waje tsawon shekaru, kuma a wasu wasiƙun da aka buɗe kwanan nan har yashin da marubuci ya barbaɗa don tawada ta bushe yana nan maƙale a kan haruffa. Mutane sukan cusa ƙananan abubuwa a cikin wasiƙa: ƙyallen yadi don a ga samfur, da irin shuka, da 'ya'yan gahawa, da zobe, da maɓalli, da duwatsun ado na gilas. A 'yan shekarun nan an buɗe wani ƙunshi daga jirgin Anne Marie, wanda aka kama a 1807 a hanyarsa daga tsibiran Faro zuwa Kwapanhagan, aka tarar da jar rigar sanyi saƙaƙƙiya da wani kafinta ya aika kyauta, launinta bai dushe ba bayan shekaru fiye da 200. Irin wannan kulawa tana rage saurin aiki, amma ina goyon bayanta, domin wasiƙar da aka buɗe ba tare da an rubuta yadda aka same ta ba ta yi asarar rabin shaidarta har abada.

Akwai kuma abin da ba shi da daɗin gani, wanda bai kamata sharhi ya tsallake ba. Shekarun da taskar ta ƙunsa su ne shekarun da cinikin bayi ta Tekun Atlantika ya kai ƙololuwa, kuma jirage da yawa da aka kama ko dai masu jigilar bayi ne ko masu ɗauke da sukari da gahawa da auduga da bayi suka noma. A cikin takardun za a ga 'yan Afirka an jera su a littafin lissafi kamar haja, da adadi da farashi da yawan waɗanda suka mutu a hanya, a rubutu mai tsabta irin na akawun da ba abin da ya dame shi. Duwatsun adon nan na gilas ma wasunsu samfur ne na abin da ake kaiwa gaɓar Afirka ana musayar mutane da shi. Muryar waɗanda aka sayar ba ta cika fitowa ba, sai dai a tsinto ta a fakaice daga bakin waɗanda suka saye su. Mai binciken wannan fanni zai amfana idan ya haɗa taskar da rumbun SlaveVoyages, wanda ya tattara bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000, domin can akwai jimilla, nan kuma akwai takardar da aka rubuta a cikin jirgin.

Game da naƙasun hidimar, na farko kuma mafi girma shi ne aikin bai kammala ba, kuma ba zai kammala nan kusa ba. Abin da ke intanet yanzu kashi ne kawai na abin da ke cikin akwatuna, ana sako shi yaƙi bayan yaƙi da ƙasa bayan ƙasa, saboda haka idan mutum ya nemi suna bai samu ba, wannan ba hujja ba ce cewa babu shi. Dole ya koma babban kundin ma'ajiyar Kew mai suna Discovery ya duba jerin HCA 32, inda takardun jirage da na shari'arsu suke, da HCA 30, inda buhunan wasiƙu da yawa suka faɗa bayan sun rabu da jiragensu a tsawon shekarun ajiya. Sake haɗa wasiƙa da jirginta yana cikin aikin da ma'aikatan ma'ajiyar suke yi, kuma aiki ne na haƙuri.

Na biyu, abin da mai bincike zai tarar galibi hoton takarda ne da bayaninta, karatun kuwa nasa ne. Wanda ya saba da taskar shari'o'in Old Bailey, kotun manyan laifuka ta Landan, ta 1674 zuwa 1913, inda aka buga kowace kalma ta yadda za a iya neman ta, zai ji bambanci sosai. A nan sai mutum ya iya harshen, sannan ya iya rubutun hannu na zamanin, wanda na Jamusawa da na mutanen Holan na ƙarni na 17 yakan gagari ko 'yan ƙasar na yau idan ba su koya ba. Ga kuma matsalar sunaye: akawun kotun Ingila yakan rubuta sunan baƙo yadda kunnensa ya ji, yakan kuma fassara sunan jirgi zuwa Turanci, don haka jirgi ɗaya yana iya fitowa da suna biyu ko uku, kuma jirage masu sunan waliyyi ɗaya suna da yawan gaske. Sunan kyaftin da shekarar kame su ne suke raba gardama, kuma shawarata ita ce kada a nemi jirgi da sunansa kaɗai. Ban ɗora wa masu aikin laifin wannan ba, domin kwafe miliyoyin shafuka a harsuna 19 ya fi ƙarfin kowace ƙungiya guda, amma ya kamata wanda zai shiga ya san abin da zai tarar.

Na uku ya shafi iyakar tarin kansa. Ingila tana da ƙananan kotunan teku a yankunan da take mulka, irin su Jamaika da Halifax da Jibralta, kuma jiragen da aka yanke wa hukunci a can ba lallai takardunsu su zo Landan ba sai idan an ɗaukaka ƙara. Jiragen Ingila da Faransa ko Sifaniya suka kama kuwa labarinsu yana ma'ajiyoyin waɗancan ƙasashe. Wannan tari hoto ne na abin da ya faɗa hannun ɓangare ɗaya a lokutan yaƙi kaɗai, kuma duk wanda zai ƙirga wani abu daga cikinsa, ko yawan kaya ko yawan masu iya rubutu, wajibi ne ya faɗi hakan a fili.

Mai neman kakanninsa ta hanyar rubuta suna ya ga bishiyar dangi ta fito ba nan ya kamata ya fara ba, gara ya fara da rajistar haihuwa da aure a wuri irin FamilySearch, ya zo nan bayan ya san sunan jirgi ko tasha ko shekara. Amma ɗalibin tarihi, da masanin harshe, da mai nazarin dokar teku, da marubucin da yake son ya san yadda mutanen ƙarni na 18 suke magana da matansu da abokan cinikinsu, duk za su sami abin da ya wuce buƙatarsu. Malamin makaranta ma zai iya ɗaukar fayil ɗin jirgi ɗaya ya ba ɗalibai su gwama shaidar kyaftin da ta matuƙansa su gano inda maganarsu ta saɓa, kuma ban san wata hanya da ta fi wannan saurin koya wa yaro cewa takarda tana buƙatar a tuhume ta ba. Wanda bincikensa ya kai shi ga akwatin da ba a ɗauki hotonsa ba tukuna zai iya neman katin mai karatu a Kew, wanda ake bayarwa kyauta bayan an nuna shaidar ko wane ne mutum da ta inda yake zaune, ya yi odar akwatin da lambarsa ta HCA. Idan ya ci karo da wasiƙar da hatiminta yake a rufe, ba shi ne zai buɗe ta ba, sai ya sanar da ma'aikatan ɗakin karatu su miƙa ta ga masu gyaran takardu.